Unguwa ta rabu biyu, wa zai ja gaba idan annoba ta dawo?

Wani matashi daga ɗaya daga cikin unguwannin Hausawa na Gadarif a gabashin Sudan ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Kawu, unguwarmu ta rabu. Mu matasan lajna, wato kwamitin unguwa, ba ma ga maciji da umda, wato mai unguwa, da mutanensa tun zamanin juyin juya halin da ya kifar da Shugaba Bashir a 2019. Suna ce mana 'yan Kahat, wato mabiya ƙawancen farar hula na juyin juya hali, muna ce musu kezan, wato 'yan tsohuwar gwamnatin Bashir. Korona ta wuce, kwalara ta zo ta ɗauke mana mutane, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi. Idan wata annoba ta sake zuwa, wa ya kamata ya ja gaba, kuma me za mu tanada tun yanzu?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka yi wannan tambaya yanzu, kafin a fara ɗaukar gawa. Na yi shekaru masu yawa ina aikin lafiyar jama'a tsakanin Sinnar da Damazin da Gadarif, kuma yawancin waɗanda ke zuwa mini da irin wannan magana sai gari ya riga ya kama da wuta suke zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amsata ita ce kada ku jira sai kun sasanta da umda, kuma kada ku ɓata lokaci wajen neman mutum ɗaya da kowa zai bi. A unguwar da ta rabu ba za ku same shi ba, neman nasa ma wata sabuwar rigima ce. Abin da za ku nema shi ne 'yan ayyuka ƙalilan da kowane ɓangare zai yarda cewa ba na kowa ba ne, sannan kowane saƙo a ba shi bakin da mutanensa ke saurara. Tsohon da ke zama a ƙofar masallaci ba zai karɓi maganar wanke hannu daga gare ka ba, ko da kai likita ne. Yaron da ya sha hayaƙi mai sa hawaye a zanga-zanga shi ma ba zai karɓa daga umda ba. Magana ɗaya ce, bakuna biyu take bukata.

Bari in tuna maka yadda korona ta zama rigar siyasa a ƙasar nan, don kana ƙarami sa'ad da aka yi wasu abubuwan. An sanar da mutum na farko ranar 13 ga Maris 2020, bayan ma ya riga ya rasu a Khartum. A lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya ba ta cika shekara ba, kuma ministan lafiya, Dakta Akram Ali al-Tom, kowa ya san daga ɓangaren juyin juya hali ya fito. A watan Afrilu aka ce a dakatar da jam'i a masallatai, gwamnan Khartum na soja ya ƙi aiwatarwa, Firaminista Hamdok ya sauke shi, sannan ranar 18 ga watan aka rufe birnin. A wannan tsakanin ne masu adawa da gwamnati suka fito titi suna rera "ma fi korona, ma tagushuna", wato babu korona, kada ku yaudare mu. Daga ranar, takunkumin fuska ya tashi daga kayan kariya ya koma tuta. Wanda ya sa, an san gidansu. Wanda ya ƙi sawa, shi ma an san gidansu. Na ga dattawa masu ciwon suga da hawan jini, waɗanda suka fi kowa bukatar kariya, suna cusa kansu cikin cunkoso don kada a ce sun bi 'yan gurguzu.

Gwamnatin ita ma ta yi nata kuskuren, kuma kai da abokanka ya kamata ku iya faɗin haka da bakinku. An ce wa mutane su zauna a gida alhali burodi sai an bi layi, gas sai an bi layi, kuma mai tura baro ko mai sayar da shayi abin da ya samu yau shi zai ci yau. Azumi ya shigo ana cikin kullen. Asibitoci da yawa suka rufe ƙofa saboda rashin kayan kariya da tsoro, mai ciwon ƙoda da mai naƙuda suka riƙa yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan. Dokar da ba ta zo da tuwo ba, talaka zai karya ta, kuma idan ya karya sau ɗaya ya ga bai mutu ba, ya daina yarda da duk abin da za a faɗa masa gaba. Masu bincike na jami'ar Imperial da ke Landan sun ƙiyasta a ƙarshen 2020 cewa kusan kashi 2 cikin 100 kacal na mutuwar korona a Khartum ne ya shiga lissafin hukuma, sauran kimanin mutum 16,000 an binne su ba a rubuta ba. Wasu ba su gaskata cutar ba sai da ta ɗauke tsohon firaminista Imam Sadiq al-Mahdi ranar 26 ga Nuwamba 2020.

Idan mutanen umda suka tsaya a nan suna cewa kun gani, sai a tuna musu abin da ya gabata. Daga 2016 zuwa 2018 kwalara ta tashi daga jihar Nilu Shuɗi ta zagaya ƙasa, ta kama mutum fiye da 36,000, ta kashe fiye da 800, kuma gwamnatin Bashir ta hana a kira ta da sunanta. "Gudawar ruwa" muke rubutawa a takarda. Ni da hannuna na rubuta, ina kallon bokitin da ke ƙarƙashin gadon mara lafiya cike da ruwa fari kamar na wankin shinkafa, na san abin da nake gani, kuma har yau abin yana damuna. An tsare mutane saboda furta kalmar. Cutar da aka hana a faɗi sunanta, uwa ba ta san cewa awoyi kaɗan ne tsakaninta da rasa ɗanta ba. A watan Satumba 2019 gwamnatin riƙon ƙwarya ta fito fili ta ce kwalara ce a Nilu Shuɗi da Sinnar, aka kawo rigakafin ɗigawa a baki, kuma wannan abin yabo ne. Don haka kowane ɓangare yana da ranar da ya yi daidai da ranar da ya cuci mutane. Na faɗa maka wannan ne don idan kun zauna, kada kowa ya shigo da hanci sama.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka karɓar allurar korona ta bi layin jam'iyya, a Tanzaniya Shugaba Magufuli ya daina fitar da alƙaluma, a Barazil shugaban ƙasa ya kira ta 'yar mura. Amma wanda ya fi kama da namu shi ne gabashin Kwango. A Disamba 2018 aka hana mutanen Beni da Butembo jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa, aka ce saboda Ebola. Yankin na 'yan adawa ne. Mutane suka ce ashe cutar dabara ce ta hana mu zaɓe, aka shiga kai wa cibiyoyin jinya hari. Duk ranar da aka yi amfani da annoba aka ci ribar siyasa, ko sau ɗaya ne, an sayar da amanar da za a nema gobe. Ku riƙe wannan a unguwa: kada lajna ta yi amfani da rabon sabulu ta nuna cewa umda ba ya aiki, kada umda ya yi amfani da dokar hana taro ya rufe taron matasa alhali ya bar na mutanensa.

Yanzu ga abin da na gani da idona, wanda ya canza mini tunani a kan aikina. A damina ta 2020 wani dattijo ya rasu a wata unguwa da nake zagayawa, bayan kwana biyar yana tari da ƙarancin numfashi. Kafin azahar an kafa rumfar makoki, an shimfiɗa tabarmi, an jera kofunan shayi guda shida da za su zagaya bakin mutum ɗari. Na je da takardar hukuma a hannu na ce a rage taro. Babban ɗan mamacin ya dube ni ya ce, "Malam, ubana ba kare ba ne." Ban sami abin cewa ba. Na koma gefe na tsaya. Limamin unguwar, wanda na san sarai ba ya ƙaunar gwamnatin lokacin ko kaɗan, ya kira ni ya tambaye ni abu ɗaya: ta ina cutar ke shiga? Na ce ta numfashi, a wuri mai cunkoso, kuma tsofaffi ta fi kayarwa. Bayan an dawo daga maƙabarta ya miƙe ya kawo hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, idan ta auku kuna ciki kada ku fita. Ya kawo labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham a shekarar annobar Amwas, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi, shi kuma ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sannan ya ce a ɗaga gefen rumfar iska ta shiga, a yi fatiha a tsaye ba musabaha, kowa ya wuce, tsofaffi su yi wa mamacin addu'a daga gida kuma shi ya ɗauke musu nauyin zuwa. Bai ambaci gwamnati ba, bai ambaci korona ba ma. Kafin la'asar rumfar ta koma mutum goma sha wani abu. Takardata tana aljihu ban sake fito da ita ba.

Abin da na koya a ranar shi ne aikina in ba liman gaskiyar yadda cuta ke tafiya, shi kuma ya nemo mata kalmomin da jama'arsa ke ji. Da na nace sai ya karanta sanarwar ma'aikata, da ya ƙi, kuma da yana da hujja.

Mu Hausawa muna da darasi a kan wannan wanda ya fi na kowa tsada. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewacin Nijeriya, bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Zargin bai faɗo daga sama ba: mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, ga yaƙin Iraƙi ana cikinsa, ga rashin jituwa tsakanin arewa da gwamnatin tarayya. Kano ba ta koma rigakafin ba sai Yuli 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Kafin nan ƙwayar cutar ta bi tsohuwar hanyar da kakanninmu suka bi zuwa hajji, ta ratsa Chadi ta shigo Sudan a 2004, daga baya ta shanye ƙafafun yara fiye da ɗari a nan, ta haye Bahar Maliya. Abin da ya juya lamarin daga baya shi ne shigowar sarakuna, daga Sarkin Musulmi har zuwa masu unguwanni, suna ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a, mai unguwa yana bin gida gida ya san wanda ya ɓoye yaro. A Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji.

Sai dai kada ka ɗauki wannan ka kifa a kan Gadarif yadda yake. Sarautar gargajiya a Sudan ta sha hannu. Shugaba Numairi ya rushe ta a farkon shekarun 1970, aka dawo da ita daga baya, gwamnatin Bashir kuma ta riƙa naɗa umda da shehu don neman goyon baya. Shi ya sa ku matasa kuke kallonta da shakka, kuma ban ce ba ku da dalili ba. Amma ka tambayi kanka: idan aka yi rasuwa da tsakar dare, ƙofar wa ake bugawa? Idan baƙo ya sauka daga Sinja ko Madani da iyalinsa, wa ke sanin gidan da ya kwana? Idan 'yan sanda suka kama yaro, wa ke zuwa ya tsaya masa? Mutumin da ke da waɗannan amsoshin yana riƙe da rabin aikin annoba a hannunsa, ko kana son siyasarsa ko ba ka so.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda jami'in da aka turo daga wani wuri ba zai gane ba. Tun da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka a bakin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, mun haƙa magudanan Jazira, mun noma dawa da riɗin Gadarif, amma har yau akwai mai tambayar mu takardar zama ɗan ƙasa da wani irin kallo. Rikicin da ya rutsa da mutanenmu a Nilu Shuɗi a Yuli da Oktoba 2022, a Rusairis da Wad al-Mahi, inda aka kashe ɗaruruwa aka kori dubbai, bai warke ba. Al'ummar da ke cikin wannan hali tana tsoron rajista. Tana tsoron a ce cutar daga unguwar Hausawa ta fito. Saboda haka sai a ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki har ya bushe. Na shiga gidajen da aka ce mini lafiya lau, ina jin warin amai daga zaure. Duk shugaban da zai yi aikin annoba a cikinmu, alkawarinsa na farko shi ne sunan mara lafiya ba zai fita daga hannun mutum biyu ko uku ba. Hukuma adadi take bukata da unguwa da rana. Ba ta bukatar sunan mahaifi da lambar ƙasa kafin a sa wa yaro ruwa a jijiya, kuma umda ne ya fi ku ƙarfin faɗa wa mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, haka.

Ku kuma kuna da abin da dattawa ba su da shi, kuma ƙasar nan ta gani. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ɗakunan agajin gaggawa da suka tsiro daga lajnonin unguwanni su ne suka riƙe mutane a inda hukuma ta watse: takiyya, wato ɗakin girkin sadaka na unguwa, tana dafa wake da lentil, ana tara kuɗi ta manhajar banki ta Bankak daga 'yan'uwa na Saudiyya, ana nemo ma'aikaciyar jinya da ta gudo a buɗe mata aji ɗaya a makaranta. Larabawa suna ce masa nafir, mu gayya muka sani, kuma ba wanda ya koya mana. Kuna da ƙafa, kuna da waya, kun iya lissafi a fili. Rauninku shi ne kuna son a san ku ne kuka yi, kuma kuna saurin ɗaukar duk wanda ya yi jinkiri a matsayin maƙiyi. Tsoho yana jinkiri ne wani lokaci don yana lissafin wanda zai ji haushi, kuma wannan lissafin shi ma aiki ne.

To, me za ku tanada? Fara da ruwa, don a Gadarif annobar da ta fi kusa da ƙofarku ta ruwa ce. An ayyana kwalara a jihar nan a Satumba 2023, ta sake tashi daga Kasala a damina ta 2024, lokacin da makarantu suka cika da waɗanda suka gudo daga Jazira da Sinnar. Yawancin gidajenmu daga karo, wato amalanken jaki mai ganga, suke sayen ruwa, kuma masu karon nan, da yawansu yaranmu ne, ba wanda ke kiransu taro. Na taɓa zuwa wata mashaya da safe na tarar matasa sun tare masu karo, suna zuba sinadarin kulorin a ganga da ƙarfi, suna ɗaukar hoto. Washegari masu karon suka koma ɗiba daga wani tafki da ba mai ganinsu, saboda matan gida sun ce ruwan yana wari ba za su saya ba. An zuba fiye da ƙima, kuma an wulaƙanta masu sana'a. Da muka gyara, sai muka nemo babbansu, wani mai jaki da ya fi shekara ashirin a wurin, muka nuna masa awo, muka bar na'urar gwaji a hannunsa. Abin da ake nema shi ne bayan minti 30 da zubawa a sami ragowar kulorin kimanin rabin miligiram a kowace lita. A wannan awon warin kaɗan ne. Shi ya riƙa tsayawa a bakin famfo yana duba na kowa, kuma wanda ya ƙi, su da kansu suka hana shi layi. Ganga ba ta da jam'iyya, shi ya sa nake cewa ku fara da ita: aiki ne da ɗan lajna da ɗan umda za su iya tsayawa a kansa ba tare da ɗaya ya ji ya miƙa wuya ba. Ku haɗa da randunan sadaka na bakin hanya da na masallaci da na makarantun allo, a sa musu murfi da moɗa mai dogon hannu.

Na biyu, ƙidayar kabari. Masu haƙa kabari da masu wankan gawa su ne ke fara sanin annoba, kafin likita, kafin minista. A Kano a Afrilu 2020 masu haƙa kabari ne suka fara cewa mutuwar ta yi yawa, daga baya ministan lafiya na Nijeriya ya amsa cewa rabi ko fiye na waɗannan mace-macen na da alaƙa da korona. Ku sayi littafi ɗaya, a ajiye wurin liman ko mai kula da maƙabarta, a rubuta rana da shekarun mamaci da abin da ya yi fama da shi a kalma biyu. Idan kun yi wata shida kuna rubutawa a lokacin lafiya, za ku san adadin da unguwarku ta saba binnewa a mako. Ranar da ya ninka, ko aka sami manya biyu da gudawa ta kashe a mako ɗaya, ba sai kun jira sanarwa daga gwamnati ba. Kuma adadin da liman ya rubuta da hannunsa, ba mai cewa ƙaryar 'yan Kahat ce ko ta kezan.

A nan dole in tsaya a kan mata, don duk taron da na halarta na irin wannan maza ne zalla, alhali mai jinya mace ce, mai ɗebo ruwa a randa mace ce, mai wanke zanen mara lafiya mace ce. Ungozoma da mai wankan gawar mata da malamar islamiyya suna shiga ɗakunan da ni da kai ba za mu taɓa shiga ba. Su za a koya wa haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a fara ba mara lafiya tun a gida ana kan hanyar asibiti. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awoyi, amma idan aka mayar masa da ruwan jikinsa da wuri, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Masu wankan gawa kuma a ba su safar hannu da ruwan kulorin mai ƙarfi, na kashi 2 cikin 100, don gawar mai kwalara tana yaɗa cutar, kuma wanda ya yi wanka kada ya taɓa abincin makoki. Wannan magana liman ne zai faɗe ta, tun yanzu, a wa'azin da ba gawa a gabansa.

Sai kuɗi, wanda shi ke raba 'yan uwa. Asusu ƙarami, mutum biyu masu sa hannu, ɗaya daga kowane ɓangare, a manna lissafi a bangon masallaci duk Juma'a. Amfaninsa na farko shi ne gidan da aka ce su zauna kada su fita, a kai musu dawa da gawayi da ruwa. Kun ga abin da ya kashe kullen 2020.

Jita-jita kuwa, kada ku yi mata dariya kuma kada ku yi faɗa da ita a WhatsApp. Lokacin da allurar korona ta iso ƙasar nan a Maris 2021, abin da na fi ji a unguwanninmu shi ne tsohuwar maganar hana haihuwa, da muryoyin da ake turowa daga Nijeriya da Hausa, waɗanda suka fi sanarwar ma'aikata shiga kunne don da harshen uwa suke. Wanda ya kawo maka irin wannan, ka tambaye shi daga wa ya ji, ka gano bakin da ya yarda da shi, ka je wurin wannan bakin. Kuma duk saƙon da za ku fitar, ku yi shi da Hausa da muryar wanda aka sani, ku faɗi abin da aka tabbatar, idan umarni ya canza ku fito ku ce ya canza ga dalili. Mutane suna yafe wa wanda ya ce jiya na faɗa muku kaza, yau an gano kaza. Wanda suka kama yana ɓoye gawa ne ba sa yafe wa.

Game da yadda za ka tunkari umda, kada ka aika masa takardar gayyata zuwa taron lajna, don zuwansa zai zama kamar ya bi ku, kuma ba zai zo ba. Ka nemi dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, kawunka ko limamin da kuke sallah a bayansa, ku je gidansa bayan la'asar, ka cire takalmi, ka gaishe shi yadda ake gaida uba. Kada ka ɗauko 2019, kada ka ɗauko wanda ya yi laifi a kwalarar bara. Ka ce, "Baba, damina tana tafe, muna tsoron ruwan karo, mun zo ka nuna mana wanda za mu gani a cikin masu jaki." Ka roƙe shi abu ɗaya da zai iya yi a ranar, wanda kuma girmansa ne ya yi shi. Idan ya ce a yi zaman a zaurensa, ku je zaurensa. Idan abokanka suka ce ka sayar da juyin juya hali, ka kai su maƙabarta su ƙirga sababbin kaburburan bara, ka tambaye su wanne ne na Kahat wanne ne na kezan. Sannan ku sa rana kafin ruwan farko na watan Yuni, ku zaga mashayar unguwa tare, kai da ɗansa, da littafi da na'urar gwajin ruwa.